Dakatar da Horon Gyaran Ɗabi'ar Yaro: Hutun da Aka Shirya da Wanda Ya Faɗo da Kansa

Horon gyaran ɗabi'a hanya ce ta koya wa yaro abubuwan da sa'o'insa ke ɗauka da kansu ba tare da an zaunar da su ba: ya waiwayo in an kira sunansa, ya nuna abin da yake so maimakon ya fashe da kuka, ya jira a zuba masa abinci, ya faɗa in bayan gida ya matse shi. Waɗanda aka fi yi wa shi su ne yara masu lalurar galahanga, da masu tsananin ƙiriniya da rashin natsuwa, da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta yi jinkirin girma sakamakon wahalar haihuwa, ko shawara mai tsanani a kwanakin jego, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Aiki ne na maimaici da ke cin watanni, sau da yawa shekaru. Saboda wannan tsawo nasa, da wuya a sami iyalin da suka bi shi daga farko har ƙarshe bai yanke musu a wani wuri ba.

Tushen horon yana cikin binciken masanin halayya ɗan Amurka B. F. Skinner, wanda tun shekarun 1930 ya nuna cewa ɗabi'ar da ta jawo wa mai ita biyan buƙata takan yawaita, wadda kuwa ba ta jawo komai takan ragu har ta mutu. A ɗauki yaro ɗan shekara huɗu da bai fara magana ba. Ƙishirwa ta kama shi, ya je gindin randa ya tsaya, ba wanda ya lura. Ya fara ihu yana buga goshi da bango, nan take uwa ta yar da tsintsiya ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙa masa. Darasin da ya ɗauka ranar shi ne buga kai yana kawo ruwa. Mai horarwa zai ba shi hanyar da ta fi wannan sauƙi: ya ɗauko moɗar ya miƙa, ko ya nuna randar da yatsa, ko ya ce "ruwa". Da farko ana kama hannunsa a nuna tare da shi, a ba shi ruwan nan take, a yabe shi. Ana rage taimakon kaɗan-kaɗan har ya riƙa yi shi kaɗai. Tsarin da ya fi shahara a duniya cikin masu bin wannan tafarki shi ne wanda ake kira ABA a taƙaice, amma akwai wasu da suka fi karkata ga wasa da koyar da iyaye.

Yadda abin yake a Bauchi

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da galahanga. Masu iya duba su kuwa a Najeriya 'yan ƙalilan ne: likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka ƙware a kan yara. Cibiyoyin da ke horar da yaro kullum yawancinsu masu zaman kansu ne, sun taru a Legas da Abuja, kuɗinsu kuma ba na talaka ba ne.

Iyalin da ke Liman Katagum ko wani ƙauye na gundumar Zungur, a kudancin birnin Bauchi, sukan fara ne da asibitin sha-ka-tafi na kusa. Daga nan a tura su cikin gari, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda akwai sashen yara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Masu hali wani lokaci sukan zarce Jos, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Makarantar masu buƙata ta musamman da ke Yelwa a Bauchi an fi saninta da koyar da kurame da makafi. Saboda haka horon da yawancin iyalan yankin ke samu ranar asibiti ce sau ɗaya a wata ko a mako biyu: a duba yaro, a nuna wa uwa abin da za ta riƙa yi, a rubuta ranar dawowa a jikin kati. Sauran kwanakin duka a tsakar gida ake yin su.

A ƙasashen da horo ke cin sa'o'i da yawa a mako, iyaye kan zauna su yanke shawarar ɗaukar hutu. A Zungur akasari hutun ne ke zuwa da kansa. Damina ta faɗi, daga Yuni zuwa Satumba maigida yana gona, ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi ga taki, hanyoyin ƙauye sun lalace, sai a ce "bari a yi kaka". Uwa ta haihu, ta shiga wankan jego na kwana arba'in, ko ta tafi gidan iyayenta. Azumi ya kama, a ce sai bayan Sallah. Ma'aikatan lafiya su shiga yajin aiki, kamar wanda haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta JOHESU ta yi na kusan mako shida a 2018, ko na likitoci masu neman ƙwarewa da ya ɗauki kimanin wata biyu a 2021. Kullen korona ya rufe makarantun ƙasar daga Maris na 2020 har wajen Oktoba. Sai kuma kuɗin mota. Kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai Naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta kai wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Yaron da ba ya jure cunkoso da hayaniya sau da yawa ba a iya cusa shi a motar haya cike da mutane, sai an ɗauki shatar Keke ko ɗan acaɓa. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin neman lafiya ke fita daga aljihun majiyyaci, wannan kaɗai ya isa ya yanke zuwa asibiti.

Akwai kuma matsin cikin gida. Kaka ta ce, "Ai nauyin baki ne, ubansa ma sai da ya shekara biyar ya yi magana." Maƙwabciya ta ce iska ce, a kai shi wajen malam. Maigida ya ga wata shida ana zirga-zirga yaro bai ce "Baba" ba, ya ce wa uwar ta haƙura haka nan. Addu'a da tofi ba sa karo da horo, iyalai da yawa suna haɗa su lafiya lau. Inda ake samun ɓarna shi ne a ajiye horon gaba ɗaya a koma ga duka, ko turara hayaƙi a fuskar yaro, ko ɗaure shi. Gidajen marin da 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, sun nuna inda wannan hanya kan ƙare.

Abin da ke faruwa da yaro idan an tsaya

Tsoron kowace uwa shi ne duk wahalar da aka sha ta tafi a banza. Amsar da bincike ya bayar ta dogara ne ga wanda yaron zai koma hannunsa. A 1973 Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon bibiyar yara 20 masu galahanga da suka horar, shekara ɗaya zuwa huɗu bayan an gama. Waɗanda aka mayar gidajen renon gwamnati, inda ba wanda ya san yadda ake bi da su, sun koma baya. Waɗanda suka koma hannun iyayen da aka koya wa aikin sun riƙe abin da suka samu, wasu ma sun ƙara gaba. Da aka sake ɗan horar da wasu daga cikin waɗanda suka koma baya, abin da ya ɓace ya fara dawowa.

Abin ya yi kama da hadda. Surar da almajiri ya daɗe yana karantawa a salla ba ta kuɓuce masa don ya yi wata bai je makaranta ba, amma wadda ya wanke allonta jiya, in ba a yi tilawa ba, mako ɗaya ya isa ta zube. Kuma ko ta zube, maido ta ya fi koyon farko sauri. Masanin Jamus Hermann Ebbinghaus ya auna wannan saurin sake koyo tun 1885. Yaron da ya shekara yana zuwa bayan gida da buta da kansa ba zai manta ba don an yi wata biyu ba a ga likita ba, domin rayuwar yau da kullum ce ke tisa masa darasin. Kalmomi biyar da ya fara furtawa makon jiya, waɗanda sai an roƙe shi yake faɗa, su ne ke cikin hatsari.

Akwai wani rauni da masanan suka daɗe da sani. A 1977 Trevor Stokes da Donald Baer sun nuna cewa yawancin masu horarwa suna koyar da yaro a ɗaki guda, da mutum guda, sannan su zuba ido ko abin zai bi shi gida. Sau da yawa ba ya bin sa. Yaron da ke miƙa kofin roba ja a ofishin asibiti yana iya kasa gane cewa moɗar gida ma haka ake yi da ita. Duk abin da bai fita daga ɗakin horo ya shiga tsakar gida ba, hutun farko ne zai tafi da shi.

Ɗabi'ar da aka yaƙa ma tana da halin dawowa. Idan sabuwar hanyar ta daina aiki, wato yaro ya nuna randa ba wanda ya kula saboda gida ya cika da 'yan suna, sai ya koma ga tsohuwar da ya san ba ta taɓa ba shi kunya ba. Mafi wuyar sha'ani shi ne a riƙa biya masa buƙata wani lokaci a hana shi wani lokaci. Skinner ya nuna cewa ɗabi'ar da ake saka wa jefi-jefi ta fi wadda ake saka wa kullum taurin kai. Yaro ya tubure a gaban mai shago yana birgima sai an sayo masa biskit. Uwa ta daure sau huɗu, a na biyar kaka ta ce, "Haba, ku ba shi mana, kuna tara mana jama'a." Abin da ya koya shi ne in ya dage zai samu. Haka nan, ranar da aka dawo da ƙa'ida bayan an sake ta, kukan kan ƙaru kafin ya ragu. Wani nazari na 1995 da Dorothea Lerman da Brian Iwata suka yi a kan misalai 113 ya sami irin wannan tashin farko a kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Iyaye da yawa a nan suke sarewa, suna zaton horon ne ya ƙara lalata yaron.

Maganar yawan sa'o'i

Ra'ayin cewa duk ranar da aka rasa asara ce ya samo ƙarfi daga wani binciken Lovaas na 1987. Ya ba yara 19 horo na kimanin sa'a 40 a mako tsawon shekara biyu ko fiye, ya ba da rahoton cewa 9 daga cikinsu sun shiga ajin farko na firamare tare da sauran yara sun kuma wuce. Adadin sa'a 40 ya zama abin da cibiyoyi ke tallatawa har yau. Sai dai an soki binciken: yaran kaɗan ne, ba a raba su rukuni ta hanyar ƙuri'a ba, an kuma yi amfani da tsawa da mari a cinya, abin da masu aikin na yanzu suka yi watsi da shi. Bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2018, wadda ta tattara bincike biyar a kan yara 219, ta ce hujjar amfanin irin wannan horo mai tsanani tana da rauni.

Binciken baya-bayan nan ya ƙara sassauta lamarin. A 2021 Sally Rogers da abokan aikinta sun raba ƙananan yara 87 a Amurka, wasu sa'a 15 a mako wasu 25, tsawon shekara guda, ba su ga bambanci a ci gaban rukunonin gaba ɗaya ba. A 2024 Micheal Sandbank da tawagarta sun haɗa bincike 144 da suka shafi yara sama da 9,000, ba su sami ƙwaƙƙwarar shaida cewa ƙarin sa'o'i na kawo ƙarin amfani ba. Wannan ba ya nufin horo ba shi da amfani. Yana nufin uwar da ta rasa ranar asibiti biyu saboda ruwa ya cinye hanya ba ta da dalilin ɗora wa kanta laifin ta kashe gaban ɗanta.

Wanda ya fi dacewa da yanayin Zungur shi ne gwajin PACT da aka yi a Landan da Manchester da Newcastle, a kan yara 152 'yan shekara biyu zuwa huɗu. Iyayen aka horar: ana ɗaukar bidiyon uwa tana wasa da ɗanta, a zauna da ita a kalla, a nuna mata inda yaron ya yi yunƙurin isar da saƙo ba ta lura ba. Zama 12 aka yi cikin wata shida, sai na ƙarfafawa sau ɗaya a wata na wasu wata shida, iyaye kuma suna yin minti 20 zuwa 30 a gida kullum. Da aka sake duba yaran kimanin shekara shida bayan an gama, kamar yadda mujallar Lancet ta wallafa a 2016, sauƙin da suka samu yana nan. An gwada irin tsarin a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan ta hannun ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata shirin na koyar da masu reno, na yara 'yan shekara 2 zuwa 9, mai zaman rukuni tara da ziyarar gida uku, wanda aka gwada a Habasha da Kenya. Horon da ke hannun uwa ba ya tsayawa don an shiga yajin aiki.

Lokacin da hutu ya dace, da lokacin da bai dace ba

Wani lokaci tsayawar ita ce daidai. Yaro ma yana gajiya. Idan ya fara kuka tun daga ganin an ɗauko masa rigar fita, barcinsa ya lalace, ya daina cin abinci a ranakun horo, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ya kamata a tsaya a duba. Manya masu galahanga da aka yi wa irin wannan horo suna yara sun yi ta koke a shekarun nan cewa an tilasta musu kallon ƙwayar idon mutane, an hana su kaɗa hannu ko jijjiga jikin da ke kwantar musu da hankali, don kawai su yi kama da kowa. Koken yana da tushe. Ɗabi'ar da ba ta cutar da yaro ko wani ba ta cancanci a yi wata shida ana yaƙi da ita ba. Mai horarwar da ke duka, ko hana abinci, ko ƙin barin iyaye su ga abin da yake yi, barin sa ya fi zama da shi. Haka nan in an yi watanni ba a ga motsi ko kaɗan a abin da aka sa gaba ba, hutu dama ce ta sake duba ko burin ne ya yi nisa, ko kuma yaron ba ya ji sosai ba a gane ba.

Gajiyar uwa ma dalili ce da ba ta buƙatar neman uzuri. Ita ke girki, ita ke goyo, ita ke bin yaron da ba ya zama wuri ɗaya, sau da yawa ga gorin kishiya ko dangin miji. Uwar da ta kai maƙura ba za ta iya haƙurin da aikin ke nema ba, kuma mako uku na numfasawa ya fi a ci gaba da zuwa asibiti ana dawowa gida ana huce haushi a kan yaron.

Akwai lokutan da jinkirta hutun ya fi. Na farko, idan yaron yana ji wa kansa ko wasu ciwo: buga kai, cizon hannu har jini, kai wa jariri hari. Na biyu, idan yana da halin sulalewa ya fice daga gida. Nutsewa a ruwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe yara masu galahanga da suka ɓace, kuma da damina kududdufai da rafuka da rijiyoyi marasa murfi sun cika ƙauyuka. Na uku, idan ana tsakiyar koyon wani abu babba kamar raba shi da kunzugu, domin tsayawa a rabi kan rikita shi fiye da rashin farawa. A Amurka, tun shari'ar Armstrong da Kline ta 1979 a jihar Pennsylvania, kotu ta yarda cewa wasu yara masu buƙata ta musamman suna komawa baya sosai a dogon hutu har ya zama dole makaranta ta ci gaba da koyar da su. Ma'aunin da ake amfani da shi a can abu biyu ne: nawa yaro ke rasawa in an tsaya, kuma tsawon wane lokaci yake ɗauka kafin ya maido. Kowace uwa za ta iya auna ɗanta da wannan ma'auni ta hanyar tuna abin da ya faru a hutun da ya gabata.

Magani ba ya shiga hutu

Hutun horo daban, ajiye magani daban, kuma haɗa su shi ne kuskuren da ya fi hatsari. Yara da yawa masu galahanga ko jinkirin ƙwaƙwalwa suna da farfaɗiya, suna shan magunguna irin su sodium valproate, carbamazepine ko phenobarbitone. Yanke su farat ɗaya na iya jawo jijjiga mai tsawo da ba ta tsayawa, wadda kan iya kisa. Risperidone, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince a 2006 a ba yara masu galahanga saboda tsananin fushi da cutar da kai, shi ma ragewa ake yi a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Irin su methylphenidate na masu ƙiriniya ne likitoci kan yarda wani lokaci a dakatar a ƙarshen mako ko hutun makaranta, don yaro ya ci abinci ya yi girma, shi ma da izininsu. Iyalin da suka san za su daɗe ba su shigo gari ba su nemi a rubuta musu maganin da zai kai su. Azumi bai hau kan ƙaramin yaro ba, don haka ba a sauya masa lokutan shan magani saboda gida yana azumi.

Shirya hutun da dawowa

Abin da ya raba hutun da aka shirya da wanda aka zame cikinsa shi ne ranar dawowa. "Sai abin da hali ya yi" kan zama shekara. Babu adadin kwanakin da ya dace da kowane yaro, amma a faɗa wa likita ko mai horarwa tun kafin a tafi, a sa rana a rubuta a kati, a karɓi lambar waya. A zaɓi abu biyu ko uku kacal da za a riƙe a gida, waɗanda suka shiga cikin aikin yau da kullum: neman ruwa, wanke hannu kafin cin abinci, zuwa bayan gida. Uwa mai 'ya'ya shida ba za ta ware sa'a biyu ta zauna da ɗaya ba, amma za ta iya riƙe moɗa na daƙiƙa biyar tana jiran ya nuna kafin ta ba shi, sau goma a yini.

Gidan Bahaushe yana da abin da gidan Bature ba shi da shi, wato yawan hannaye. Yaya mai shekara goma, kaka, ƙanwar uba, malamin Islamiyya, kowa na iya zama mai tisa darasi, kuma yaron da ya koyi abu a hannun mutum biyar ya fi riƙe shi. Sharaɗin shi ne bakinsu ya zo ɗaya, wanda kuma zai iya haɗa bakin shi ne maigida. In ya zauna da mahaifiyarsa ya ce, "Inna, likita ya ce in yana birgima kada a ba shi sai ya tashi ya nuna," maganar ta fi shiga fiye da in suruka ce ta faɗa.

Lokutan barci da cin abinci su tsaya yadda suke gwargwadon iko, domin sauyin tsari ya fi rashin horon kansa tayar da hankalin mai galahanga. Da azumi gida kan tashi sahur, a kwana ana hidima. A bar shi ya yi barcinsa. Ranar hawan Sallah, ƙarar bindigogi da algaita da turmutsutsun ƙofar fada na iya fin ƙarfinsa, kallo daga nesa na ɗan lokaci ya wadatar. Wayar hannu da ake miƙa masa don a samu sararin aiki takan cinye lokacin da zai yi hulɗa da mutane, kuma karɓe ta bayan wata biyu sabon yaƙi ne. Amfanin wayar a nan shi ne ɗaukar ɗan gajeren bidiyo na abin da yaron ke iyawa ranar da aka fara hutu, da wani a ranar da za a koma. Wanda ba shi da ita ya sami littafin makaranta ya riƙa jan layi duk ranar da aka yi tuburewa, ko da ajami ya rubuta abin da ya jawo ta.

Wasu alamu suna katse hutu ko ranar ba ta yi ba: jijjiga, rasa magana ko tafiyar da yaro ya riga ya iya, cutar da kai da ke ƙaruwa, ko kwanaki ba barci. Sauyin hali na farat ɗaya a wurin yaron da ba ya magana sau da yawa ciwo ne a jiki, haƙori ko kunne ko taurin bayan gida ko zazzaɓi, sai a fara duba waɗannan kafin a ce ɗabi'a ce ta dawo.

Ranar komawa ba a ɗorawa daga inda aka tsaya. Mai horarwa na ƙwarai yakan fara da wasa da abubuwan da yaron ya riga ya iya, don ya sake sabawa da wurin da mutumin, sannan ya gwada abin da ya rage da abin da ya zube. Makonnin farko kan zo da turjiya. Idan yaron ya maido abin da ya rasa cikin ɗan lokaci, alama ce zai iya jure hutu irin wannan nan gaba. Idan ya ɗauki watanni, hutu na gaba ya zama gajere, ko a maye gurbinsa da rage zuwa. Wani lokaci kuma sakamakon yakan nuna yaron ya ci gaba a gida ba tare da asibiti ba. A nan sai a fara ba da tazara tsakanin ranakun, daga mako biyu zuwa wata, daga wata zuwa wata uku, a bar kati a buɗe saboda matakan da buƙata kan sake tasowa: shiga makaranta, sauya gida, da shekarun balaga.